Fuskar da Ba Ta Motsi: Tarken Wasan 'Yan Tsana na The Man from MI.5 Daga Rumfar Baƙo a Kasuwar Ochanja

Gabatarwa

A ranar Alhamis, 20 ga Janairu, 1966, gidan talabijin na ATV da ke watsa shirye-shiryensa a yankin tsakiyar Ingila ya nuna wani kashi na wasan 'yan tsana da ake kira Thunderbirds. Sunan kashin The Man from MI.5, wato mutumin da ya zo daga hukumar 'yan sandan ciki ta Ingila. Kwana biyar kacal kafin wannan rana wasu matasan hafsoshin soja suka yi juyin mulkin farko a Nijeriya, suka kashe Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello a Kaduna, suka ɗauke Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa daga gidansa a Ikko, wanda sai gawarsa aka tsinta daga baya. Waɗanda suka tsara wasan ba su da masaniyar abin da ke shirin faruwa a nan, domin sun gama ɗaukarsa tun a 1965. Duk da haka, a cikin makon da yaran Ingila suka zauna suna kallon leƙen asiri a matsayin abin nishaɗi, a cikinsa ne Nijeriya ta faɗa wani zamani wanda a cikinsa zargin leƙen asiri da cin amana ya zama abin da ke raba mutum da ransa.

Wannan maƙala za ta yi tarken wannan kashi ɗaya, ta fuskar zubi da tsarinsa, da taurarinsa, da kuma jigonsa. Mai karatu na iya tambayar abin da ya haɗa mujallar adabin Hausa da wasan yaran Turawa na shekaru aru-aru. Amsarmu ita ce, wasan kwaikwayo ba ya tambayar izini kafin ya ƙetare iyaka. Wanda ya taɓa bi ta titin Iweka a Anaca, inda ya zama cibiyar rarraba fina-finan bidiyo na Nijeriya tun daga shekarun 1990, ko ya ga yadda fassarar Algaita ta mayar da 'yan wasan Indiya Hausawa a Kano, ya san cewa labarin wata ƙasa kan zama namu cikin dare ɗaya. Yau kuwa waya ta ɗauke wa faifai aiki, wasan yana nan a intanet ga duk mai so. Saboda haka muka zaɓi mu kalle shi daga inda Bahaushe ɗan ci-rani yake zaune a Kasuwar Ochanja, ko a unguwannin Hausawa na Fatakwal da Inugu, domin shi ne mutumin da ya fi kowa sanin nauyin kalmar nan ta ɗan leƙen asiri idan aka ɗora ta a kan baƙo.

Asalin Wasan da Labarinsa

Gerry Anderson da matarsa Sylvia ne suka ƙirƙiro Thunderbirds, kamfaninsu na AP Films ya ɗauke shi a garin Slough, yamma da Landan, da kuɗin attajirin talabijin Lew Grade. An fara nuna shi ranar 30 ga Satumba, 1965, aka yi kashi 32, kowanne kimanin minti 50. Labarin wani tsohon ɗan sama-jannati ne ɗan Amurka, Jeff Tracy, wanda ya tara dukiya, ya koma wani tsibiri a tekun Fasifik tare da 'ya'yansa maza biyar, ya kafa ƙungiyar ceto ta sirri mai jirage biyar, wadda ke kai ɗauki duk inda bala'i ya fi ƙarfin hukuma. Wakiliyar ƙungiyar a Landan ita ce Lady Penelope, 'yar sarauta mai mota Rolls-Royce ruwan hoda, wadda direbanta Parker tsohon ɓarawo ne mai fasa akwatin ajiyar kuɗi da ya tuba. Wannan shi ne irin ƙagaggen labarin da ake ginawa a kan kimiyya, wanda mu ma Umaru Dembo ya buɗe mana ƙofarsa da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969.

Alan Fennell ne ya rubuta kashin da muke magana a kai, David Lane ya ba da umarni. Ga yadda labarin yake a taƙaice. A gaɓar tekun kudancin Faransa, wani mai nutso ya hau wani jirgin ruwa da dare, ya harbe Kyaftin Blacker, ya sace takardun zanen wani makamin nukiliya, sannan ya tarwatsa jirgin da bam. Wani jami'in leƙen asirin Ingila mai suna Bondson ya nemi taimakon ƙungiyar ceto. Jeff Tracy ya tura Lady Penelope, ta gana da shi a dajin Digne ba tare da ta bari ya ga fuskarta ba. Daga nan ta sauya suna zuwa Gayle Williams, mai tallan kayan ado, ta sauka a gaɓar a jirgin ruwanta na shaƙatawa, ta sa jaridu suka baza cewa ta san waɗanda suka yi kisan. Tarkon ya kama, sai dai ya kama har da mai ɗana shi: shugaban ɓarayin, Carl, ya sace ta, ya ɗaure ta a kujera a wata rumfar ajiye kwale-kwale, ya ajiye bam kusa da ita wanda za a tayar daga nesa, domin ƙararsa ta ɗauke hankalin 'yan sandan sintiri su kuwa su sulale a jirgin ƙarƙashin ruwa. Da gwangwanin hodarta, wanda a haƙiƙa na'urar sadarwa ce, ta sanar da tsibirin halin da take ciki. Scott ya gano inda take, Gordon ya bi jirgin ɓarayin a ƙarƙashin ruwa, ya huda shi, ya tura musu iskar sa barci kafin su taɓa makunnin bam ɗin. Aka karɓo takardun aka mayar wa Bondson. Parker kuwa, da aka ba shi hutun dare ɗaya, ya tafi gidan caca a Monte Carlo, ya dawo ya shaida wa uwargijiyarsa cewa an cinye jirgin ruwanta.

Ba sai an faɗa ba, daga sunan Bondson har zuwa ƙirar fuskarsa, wadda aka yi ta kama da ta Sean Connery, tsokanar James Bond ake yi. An fara nuna Thunderball a Disamba 1965, wata guda kafin wannan kashi, kasuwar Bond na tsakiyar ci. Har ma akwai ɗan tuntuɓe a sunan kashin, domin MI5 aikinta tsaron cikin gida ne, MI6 ce ke aika jami'ai ƙasashen waje, kuma ita Bond yake wa aiki. Wannan ƙaramin abu ne, ba za mu tsaya a kansa ba.

Zubi da Tsari

Zubin labarin miƙaƙƙe ne, ba shi da kwan-gaba-kwan-baya: ɓarna, neman agaji, ɗana tarko, faɗawa hannun maƙiyi, tsere da lokaci, kuɓuta, sannan raha. Rauninsa a fili yake. Marubucin ya sa mace mai wayo irin Penelope ta sallami mai tsaronta ɗaya tilo a daidai daren da ta san za a zo neman ta, don kawai labari ya samu hanyar wucewa. Haka kuma ɓarayin ba su da wani tarihi, ba mu ga abin da ya tura su ga wannan aiki ba. A ma'aunin da muke auna tauraro a wasan kwaikwayon Hausa, inda ko mugu sai an nuna mana gidan da ya fito, kamar yadda Shu'aibu Maƙarfi ya saba yi, waɗannan ba taurari ba ne, turaku ne aka kafa don a ɗaure labari.

Inda gwanintar take shi ne a kujerar nan.

'Yar Tsana a Matsayin Ɗan Leƙen Asiri

Ya kamata mu fahimci yadda ake sarrafa waɗannan 'yan tsana kafin mu gane dalilin da ya sa fitowar kujera ta fi kowace fitowa a kashin ƙarfi. Tsawon kowace 'yar tsana bai wuce kashi ɗaya bisa uku na tsawon mutum ba. Ana rataye ta da siraran wayoyin ƙarfe, masu sarrafa ta suna tsaye a kan wani gadon katako a sama, inda kyamara ba ta kaiwa. Ana fara ɗaukar muryoyin 'yan wasa a tef, sannan idan an kunna tef ɗin, sautin ya bi ta waya ya motsa wani ɗan maganaɗisun lantarki da ke cikin kan 'yar tsanar, shi kuma ya buɗe leɓen ƙasa ya rufe daidai da magana. Wannan na'ura da ke cikin ƙoƙon kai ita ta sa kawunansu suka fi jikinsu girma. Sai a wasan Captain Scarlet na 1967, da aka mayar da ita ƙirji, sannan kai ya daidaita da jiki. Idan ana son a nuna yatsu suna danna makunni ko suna riƙe da bindiga, sai a matso da kyamara a ɗauki hannun mutum na gaske. Abu ɗaya ya gagari masu wannan fasaha har suka bar ta, shi ne tafiya. 'Yar tsana ba ta da nauyin da za ta taka ƙasa, idan ta yi tafiya sai ta riƙa lilo kamar wanda ya sha ya bugu. Dalilin ke nan da ya sa wasan ya cika da kujeru masu tafiya da kansu da motoci da jirage: ana gudun a nuna ƙafa.

To, da Carl ya ɗaure Penelope a kujera, sai naƙasar 'yar tsana da halin da tauraruwa take ciki suka zama abu guda. Ba ta iya tashi, ba ta iya miƙa hannu, abin da ya rage mata idanu da murya da ɗan karkata jiki, kuma iyakar abin da 'yar tsana ta mallaka ke nan tun asali. A sauran fitowa mai kallo yana yafe wa wasan ne, yana kau da kai daga wayoyin da yake gani. A wannan fitowa babu abin yafewa. Duk inci ɗaya da ta matsa wajen gwangwanin hodar nan, da gaske wahala ce ga tauraruwar, da gaske kuma wahala ce ga wanda ke riƙe da wayoyinta a sama. A ganinmu wannan darasi ne ga matasan marubutanmu na wasan kwaikwayo, waɗanda kullum kukansu rashin kayan aiki. Fennell da Lane ba su ɓoye gazawar kayan aikinsu ba, sun gina ƙololuwar labarin a kanta.

Akwai kuma batun fuska. Fuskar 'yar tsana sassaƙaƙƙiya ce, ba ta yamutsewa. Manyan taurarin wasan kowanne an yi masa kawuna da dama, wani na murmushi, wani na ɗaure fuska, wani mai ƙifta ido, idan ana son yanayinsa ya sauya sai a tsayar da ɗauka, a cire kai a sa wani. Wato a wannan duniya ba a sauya fuska sai an sauya kai ɗungurungum. Babu siffar da ta dace da ɗan leƙen asiri kamar wannan. Sana'arsa ita ce kada cikinsa ya bayyana a fuskarsa, kada kuma a ga wanda ke juya shi. Penelope tana magana da wanda zai kashe ta da fuskar da take shan shayi da ita, mai kallo ya ɗauka jarunta ce da sanyin jinin 'yan sarautar Ingila, alhali kuwa rabin abin daga hannun masassaƙi ya fito.

Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan fasaha. A ƙasar Hausa, musamman a yankunan Damagaram da Maraɗi, an san ɗiyan dabo, kamar yadda aka san irinsu a Borno, inda mai wasa kan shige ƙarƙashin zane ko babbar riga, ya riƙa fito da 'yan mutum-mutuminsa ta sama yana sauya murya. Tibi kuma suna da Kwagh-hir, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2019. Amma akwai bambanci guda da ya kamata a lura da shi. Mai dabo a kasuwa yake wasansa, kowa ya ga shigarsa ƙarƙashin zane, kowa zai ga fitowarsa, a hannunsa za a sa kuɗi, idan 'yar tsanarsa ta zagi hakimi an san wanda za a kama. A Thunderbirds mai jan zare ba ya sauka daga sama. Haka abin yake a bayan kyamara, haka kuma yake a cikin labarin: Jeff Tracy yana zaune a tebur a tsibirin da ba ya cikin ikon kowace hukuma, yana juya 'ya'yansa da wakilansa a faɗin duniya, su kuwa jiragensa an sa musu na'urar da ke gano duk wanda ya yi yunƙurin ɗaukar hotonsu. Wasan yana so mu yarda cewa iko irin wannan, wanda ba ya ba kowa bahasi, ba abin tsoro ba ne matuƙar mai riƙe da shi mutumin kirki ne. Al'ummar da ta yi shekaru kusan talatin a ƙarƙashin mulkin soja tsakanin 1966 da 1999 ta sha jin wannan alkawari.

Jigo: Leƙen Asiri Mai Tsarki da Mai Dauɗa

Babban jigon kashin, idan aka warware shi, shi ne cewa yaudara halal ce ga wasu. Penelope ta ari suna, ta yi wa jaridu ƙarya, ta shiga ƙasar da ba tata ba da makamai a mota, ta yi aikin 'yan sanda ba tare da sanin 'yan sandan Faransa ba. Duk wannan an nuna shi a matsayin ƙwarewa da ado. Ba za a gane nauyin wannan ba sai an ajiye shi kusa da babban mugun wasan, wanda bai fito a wannan kashi ba amma inuwarsa tana kan dukkan jerin, wato Hood. Shi ma sana'arsa sauya kama da satar sirri, daidai da ta Penelope. Bambancinsu shi ne shi mutumin Asiya ne, mai sanƙo da kaurin gira, yana zaune a wani ɗakin tsafi a dajin Malesiya, idanunsa suna haske idan zai yi sihiri. A cikin wasan ko sunansa ba a furtawa. Aiki ɗaya ne, amma idan 'yar sarautar Ingila ta yi shi sai a sa kiɗa mai daɗi, idan baƙo ya yi shi sai a sa kiɗan tsoro.

Abin da ya fi wannan muni shi ne Kyrano. Shi baran gidan Tracy ne, dattijo mai ladabi da riƙon amana, kuma ɗan'uwan Hood ne, sun haɗa iyaye ta ɓangare ɗaya. Tun a kashin farko na jerin, Hood kan tsaya gaban gunkinsa ya kira shi daga nesa, Kyrano ya faɗi yana birgima, asirin gidan ya fita ta bakinsa ba da son ransa ba. A kashin Martian Invasion har sa shi aka yi ya kashe na'urar gano masu ɗaukar hoto. A zahiri wasan ya wanke Kyrano, bai taɓa cewa maci amana ne ba. Amma duba abin da ya koya wa yaro mai kallo: baƙon da ke cikin gidanku, ko da ya kai waliyyi, akwai wani zare a jikinsa da danginsa ke riƙe da shi daga can, ranar da suka ja zai motsa. Parker, wanda ɓarawo ne na gaske mai tarihin zaman kurkuku, an ba shi makullin mota da na gida, an mayar da laifinsa abin dariya, har ya yi caca da jirgin uwargijiyarsa aka tashi da raha, domin shi ɗan gida ne. Kyrano bai taɓa ɗaukar allura ba, amma shi ne ƙofar da ɓarna ke shigowa.

Wannan ita ce maganar da Bahaushen Ochanja ya san ta ba a littafi ba. Mai shayi da ke kwana a bakin titi, da mai gadi da ya san lokacin fitar kowa da shigarsa, da mai gyaran takalmi da ke ratsa lunguna yana kaɗa akwati, duk sana'o'i ne da ke sa mutum ya ga abubuwa da yawa ya yi magana kaɗan. A lokacin zaman lafiya wannan shi ake kira amana. Da zarar ƙura ta tashi a wani gari mai nisa, sai shirun nasa ya zama hujja a kansa. Hausawa sun daɗe a Gabas, tun zamanin mafarautan giwa da suka zauna a Elele kusa da Fatakwal da fataken da suka zauna a Ibagwa kusa da Nsukka, har ta kai Malam Umaru Altine, Bafillace daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Amma bayan kashe-kashen da aka yi wa Ibo a garuruwan Arewa a 1966, waɗanda su ma wannan zargi na cewa duk ɗan ƙabila wakilin ƙabilarsa ne ya rura su, sai gwamnatin Gabas ta umarci waɗanda ba 'yan yankin ba su fice. A Fabrairu 2006 an kashe 'yan Arewa a Anaca don ramuwar abin da aka yi wa Kiristoci a Maiduguri. A Maris 2025 an kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo, suna kan hanyarsu daga Jihar Ribas zuwa Kano don yin Sallah, bisa zargin cewa masu garkuwa da mutane ne. Ɗan kasuwar Ibo da ke Sabon Garin Kano zai iya jero nasa shekarun, daga 1953 zuwa gaba. Shi kuma zargi idan ya ƙare da baƙi, gida yake komawa: Emmanuel Ifeajuna, ɗan asalin Anaca, wanda ya ci wa Nijeriya lambar zinare a tsalle a 1954 kuma yana cikin jagororin juyin mulkin Janairu, a Inugu aka harbe shi a Satumba 1967 tare da Victor Banjo da wasu biyu, bisa tuhumar cin amanar Biyafara.

Ba muna cewa babu baƙon da ya taɓa yin leƙen asiri ba. Tarihinmu ya san Adamu Jakada, wanda ya yi wa Kamfanin Neja da gwamnatin Lugga aikin kai saƙo ga sarakuna da kawo rahoto a kan halin da garuruwansu ke ciki, kafin faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903, kuma hedkwatar wannan kamfani a Asaba take a wani zamani, tsallaken kogi daga Anaca. Sai dai a lura, shi Adamu ba baƙo ba ne a fadojin da yake shiga. Harshensu yake yi, rigarsu yake sawa. Abin da ya ba shi amfani ga Turawa ke nan.

A nan ne muke ganin Abubakar Imam ya fi Fennell sanin duniya. A littafi na farko na Magana Jari Ce, wanda ya fito a 1937, haɗarin da ke fuskantar Musa ɗan Sarki Abdurrahman daga cikin fada ya taso, daga Waziri, wanda ya haɗa baki da Sarkin Sinari. Wanda ya tsare yaron kuwa aku ne, tsuntsun da aka saya da kuɗi, ba shi da dangi a garin. Tarihin Ingila kansa bayan Imam ya bi. Manyan waɗanda suka sayar wa Rasha asirin Ingila, Guy Burgess da Donald Maclean da suka gudu a 1951, da Kim Philby da ya tsere zuwa Mosko a 1963, duk 'yan gata ne da suka yi karatu a Jami'ar Kambirij, masu magana da irin harshen Lady Penelope. Shekara uku kacal bayan tserewar Philby aka nuna wannan kashi, kuma a cikinsa babu ko alamar cewa ɓarna na iya fitowa daga ajin da Penelope take. An ba yaran Ingila labarin da iyayensu suke bukatar ji don su samu barci.

Takardun da Aka Mayar

Saura abu ɗaya, wanda a ganinmu shi ne babban giɓin kashin. Ƙungiyar Tracy ta ceto ce, ba ta shiga rigimar gwamnatoci, abin da ya sa ta karɓi wannan aiki shi ne hujjar cewa rayukan jama'a na cikin haɗari idan zanen makamin ya faɗa mugun hannu. To, amma da aka karɓo takardun, ba a ƙone su ba. An miƙa su ga Bondson, wato ga gwamnatin da za ta ƙera makamin. Babu tauraro ko ɗaya da ya tsaya ya tambayi abin da za a yi da su, ko a ƙasar wa za a gwada abin da aka ƙera.

Mutumin Yammacin Afirka ba zai iya wuce wannan wuri da sauƙi ba, balle da yake a Faransa aka kafa labarin. A ranar 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, ta inda iskar hunturu ke biyowa zuwa ƙasashenmu. Da ta maimaita har sau uku a cikin shekarar, gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Ikko a Janairu 1961, ta hana jiragen Faransa na sama da na ruwa sauka a Nijeriya. Ingila kuwa a Ostareliya da tsibiran tekun Fasifik ta yi nata gwaje-gwajen a shekarun 1950, a kan ƙasar mutanen da ba a nemi shawararsu ba. Ke nan hannun kirki da wasan yake nufi shi ne hannun da ya riga ya tayar da irin wannan makami a bayan ɗakin wasu. Sahara ma ta fito a jerin: a kashin The Mighty Atom an kafa tashar nukiliya a cikinta, kuma a can ma Hood ne aka ɗora wa laifin ɓarna, ba wanda ya ga hamadar wasu ya ce nan ya dace ba.

Fennell ya san cewa bai kamata a bar yaro ya daɗe a kan wannan tambaya ba, shi ya sa ya tanadi Parker. Da zarar takardun sun koma inda suka fito, sai hankalin mai kallo ya koma kan direban da ke sunkuyar da kai yana neman yadda zai faɗa wa uwargijiyarsa cewa jirgin ruwanta ya tafi a teburin caca. Dabarar ta yi aiki, domin fitowar tana da ban dariya ƙwarai, kuma David Graham, wanda ya ari bakin Parker, ya iya harshen talakan Landan mai ƙoƙarin kwaikwayon maganar manya yana tuntuɓe. Mai fassara wannan kashi zuwa Hausa a nan zai fi shan wuya, domin sai ya samo wa Parker irin Hausar baran da ya daɗe a gidan sarauta har ya ɗauki rabin karin maganar fada, ya samo wa Penelope Hausar da ba ta ɗaga murya ko da bam na gefenta. Kyrano ne zai fi ba shi tunani, domin duk karin harshen da ya zaɓa masa, na Ibo ne, ko na Gwari, ko na Buzu, ko na Bahaushen ƙauye, ya riga ya nuna wa masu kallo ƙabilar da za su riƙa yi wa kallon mai zare a jiki.